Akwatin Proclaimer ko rediyon kasuwa: wanne ya kamata a aika wa mai bishara?

Ikilisiyarmu tana tallafa wa wani mai bishara da iyalinsa a wani ƙauye arewa da Maradi, a ƙasar Nijar. Babur an saya masa tuntuni. Littattafai kuwa akwai kwalin da har yau ba a ƙare rabawa ba, domin masu iya karanta boko a wurin ba su da yawa, su ma ɗin lakwal, wato makarantar boko, suka yi da Faransanci, sai ka ga mutum yana jin Hausa kamar ruwa amma idan ka miƙa masa ita a rubuce ya tsaya yana haɗa baƙi. Shi ya sa hankalin kwamitin bishara ya koma kan na'urorin da ke karanta Littafi Mai Tsarki da murya. Ni sana'ata gyaran rediyo da wayoyi, kuma duk abin da ya mutu a filin bishara teburina yake dawowa, don haka abin da zan faɗa a nan ra'ayin mai gyara ne wanda ya je ya zauna a tabarma ya ga yadda ake amfani da kayan.

Iri biyu ne suka ratsa hannuna sosai. Na farko shi ne Proclaimer, na ƙungiyar Faith Comes By Hearing mai hedkwata a jihar New Mexico ta Amurka. Sun fara ne a 1972 da ba da aron kaset-kaset, sunansu kuma daga Romawa 10:17 suka ɗauko shi. Akwatin ya fito a 2004. Na biyu shi ne ƙaramar rediyon nan ta kasuwa mai cin memori, wadda ake samu a kowace tasha, ba ta da wani suna tsayayye, yau a rubuta mata wannan gobe wancan, amma cikinta duk ɗaya ne.

Kafin in shiga cikinsu, akwai abin da matasanmu ba su sani ba. Su a ganinsu sauraron Maganar Allah daga na'ura sabon abu ne. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, aikin da Likita Miller na Zariya ya ba da shekarun rayuwarsa a kai, amma a gidanmu na Maguzawa a ƙasar Malumfashi, lokacin da mahaifina yake saurayi, babu mai iya buɗe shi. Abin da ya fara ji garmaho ne, wanda ake wanawa da hannu a ɗora masa faifai. Irin waɗannan faya-fayen ƙungiyar Gospel Recordings ce ta riƙa yin su, wadda wata baiwar Allah Joy Ridderhof ta kafa a 1939. Bayan garmaho sai rediyo: ELWA daga Laberiya tun 1954, da Muryar Bishara da ake shiryawa a Jos a watsa daga Addis Ababa, har gwamnatin soja ta Habasha ta karɓe tashar a 1977. Ni kuma na tashi a zamanin kaset, na ga 'yan Sabon Rai, wata ƙungiyar masu bishara, suna yawo ƙauye-ƙauye da rikoda a rataye, kuma da biro na koyi mayar da zaren kaset idan rikoda ta tauna shi. Mutanenmu da kunne suka karɓi bangaskiya. Abin da ya canja kawai shi ne yanzu babu zaren da zai tsinke.

To, Proclaimer. Abin da zan fara yabawa shi ne murya. Na saba da ƙananan lasifikoki masu ƙara kamar za su fasa kunne amma ba ka rarrabe kalma, domin masu ƙera su kiɗa suka sa a gaba. Wannan an gina shi don magana. Ka ajiye shi a kan turmi a tsakar fili, wanda ke zaune can baya kusa da danga zai ji kowace kalma, harufa ba sa cin juna. Masu shi sun ce yana isar taron mutum 300. Ban ga taro mai yawan haka a ƙauyen ba, amma na tsaya nesa da gangan, wajen turken awaki, ina jin karatun sarai duk da kukansu. Sun kuma ce cikakken caji yana kai awa 15, kuma abin da mai bisharar ya gaya mini bai saɓa wa hakan ba: yakan yi mako bai nemi rana ba idan saurare na yamma kawai ake yi.

Hanyar caji uku ce a namu: faifan sola da ke jikinsa, da hannun wanawa, da waya ta wutar lantarki. Hannun wanawar yara ne suka mayar da shi nasu, har faɗa suke yi a kan wanda zai juya. Ni dai shawarata a bar shi don ranar larura, domin duk abin da ke juyawa a na'ura shi ne ke fara gajiya. Solar ce ginshiƙi. Mun ga amfaninta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da aka rufe iyaka kuma Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. Ƙauyen dama ba shi da kuran, kamar yadda suke kiran wutar a can, amma masu cajin waya a garin kasuwa sun tsawwala kuɗi, kuma wata da watanni ba mu iya aika ko batir ɗaya ba sai da aka buɗe iyakar a watan Maris na 2024. Akwatin bai san ana yi ba.

Karatun yana cikin ƙwaƙwalwar da aka kulle. Ba a gogewa, ba a ƙarawa, babu ramin da za a zare wani abu a sa wani. Duk wanda ya taɓa raba memori a ƙauye ya san darajar wannan, zan dawo kanta. Kuma ga yabon da mai gyara ba ya yawan yi: tun da ya zo ban taɓa samun dalilin sa masa sukundireba ba. Ya sha ƙurar hunturu, ya sha jijjigar babur a cikin buhu, yana nan.

Yadda aka ɗauki karatun ma abin magana ne. Ba mutum ɗaya ke karantawa ba. Akwai mai ba da labari, akwai muryar Yesu dabam, ta Bitrus dabam, ta mata dabam, ga ƙarar ruwa da iska da hayaniyar taro a bayansu. A Bisharu huɗu da Ayyukan Manzanni wannan ya yi kyau ƙwarai, mutanen da suka saba da wasan kwaikwayo na rediyo nan take suke kamawa. A wasiƙun Bulus kuwa, a kunnena, kiɗan da ke ƙasa bai ƙara komai ba. Romawa da Ibraniyawa ko a takarda sai ka koma baya ka sake karanta jimla, balle a kunne, magana tana wucewa ba ta jiranka. Na lura da zarar an shiga nan sai tsofaffi su fara gyangyaɗi, mata su tuna da tukunya a wuta. Wannan ba laifin akwati ba ne, yanayin littattafan ne, amma wanda zai yi amfani da shi ya sani: kada ya ce zai fara daga Matiyu ya bi a jere har Wahayi kamar mai cika alkawari. Mai bisharar namu Markus yake farawa da shi, sai Luka, sai Ayyukan Manzanni, wasiƙun kuma guntu-guntu ga waɗanda suka riga suka yi baftisma.

Hausar da ke ciki ta sabuwar fassara ce mai sauƙi. Dattawanmu na gida da suka haddace ayoyi da tsohuwar fassarar 1932 sukan ɗan yi tsaki idan suka ji an sauya musu kalma, amma ba don su aka yi ba. A can kuma, mutanen Maradi Katsinawa ne da Gobirawa, zuriyar waɗanda suka ƙaura arewa bayan jihadi, Hausarsu tana da nata lanƙwasa. Suna jin ta akwatin ba wahala, sai dai sukan ce Hausar Kano ce, ta rediyo. Kalma ɗaya-ɗaya ce ke tsayar da su, mai bishara ya fassara musu da tasu.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan. Wata yamma bayan an dawo daga gona, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan mai bisharar, maza wajen goma sha, aka kunna Markus sura 4, misalin mai shuka. Murya ta ce mai shuka ya fita shuka, yana cikin yafa iri sai waɗansu suka faɗi a hanya tsuntsaye suka cinye, waɗansu a kan dutse, waɗansu cikin ƙaya. Ba a kai ƙarshe ba wani dattijo mai farin gemu, yana gyaran ƙotar hauyarsa, ya ɗaga hannu.

"Malam, tsayar da shi. Wannan wane irin manomi ne? Wa ya koya masa shuka?"

Aka yi dariya, amma shi ba wasa yake ba. Ya ce shi tun yana yaro, mutum ɗaya ke gaba da sungumi yana sara, na baya yana jefa ƙwayar hatsi a rami yana rufewa da diddige. Iri tsada gare shi, wani sa'in ma rance ne. Wanda zai ɗebi iri ya watsa a kan hanya, ko dai ba nasa ba ne ko kuma ba shi da hankali. Ya za a ce a ɗauki darasi daga wurin irin wannan?

Mai bisharar ya danna ya tsayar. Ya ce, "Baba, gaskiyarka, a gonar hatsi ba a yin haka. Amma ka taɓa ganin yadda ake shuka shinkafa a fadama, ko alkama?" Dattijon ya ce ya gani, yafawa ake yi. Ya ce to a ƙasar da Yesu ya yi wannan magana alkama da sha'ir suke nomawa, yafawa suke yi, kuma hanyar ƙafa takan ratsa ta tsakiyar gona. Daga nan zance ya buɗe. Wani ya ce ai ko da sungumi ma, akwai ramin da ke fitowa da wanda ba ya fitowa, kuma ba ka sani sai bayan ruwa. Wani ya kawo maganar ƙuduji, yadda yake shaƙe hatsi tun daga saiwa ba ka gani, ya ce ƙayar da ake faɗa ke nan. Aka yi fiye da awa a kan karatun da bai kai minti biyar ba, kuma har aka tashi ba a sake kunna akwatin ba.

Da akwatin kaɗai aka bari a wurin, da dattijon nan ya tashi da cewa littafin Kirista yana yabon manomin banza. Haka aka yi a sura ta gaba, wurin da aljanu suka shiga garken aladu wajen 2,000 suka ruga cikin teku. Ba ruwan masu sauraro da aladu, amma makiyaya ne, tambayar farko ita ce wa ya biya mai garken. Tambaya ce mai kyau, kuma babu maɓallin da ke amsa ta. Su kansu masu akwatin sun san haka, tsarinsu shi ne a saurara a ƙungiya wajen rabin awa sannan a tattauna. Mu ne nan gida muke mantawa, mu ɗauka idan an aika na'ura an aika ma'aikaci. Na ji ana karanta rahoto a taro ana cewa an raba na'urori kaza, ana tafi, ba wanda ya tambayi wa ke zama da su. Na san ƙauyen da aka bar akwati a hannun wani saurayi don shi ne ya iya danna maɓalli, bayan 'yan watanni aka same shi a ɗaki an ɗora masa kwanon fura.

Abin da na fi jin rashinsa a namu shi ne Tsohon Alkawari. Sabon Alkawari ne kaɗai a ciki, littattafai 27, surori 260. Amma mutanen wurin, Musulminsu da waɗanda suka rage a kan al'adar gargajiya, sunayen da suka sani su ne Adamu da Nuhu da Ibrahim da Yusufu da Musa da Dauda. Nan ne ƙofar zance take. Labarin Yusufu da 'yan'uwansa, a gidan da ake da 'yan uba, ba ya bukatar wani dogon bayani. Kuma mai makoki Zabura yake so. Abu na biyu, neman aya a tsakiyar sura aiki ne, domin karatun sauti sura-sura aka yanka shi, sai ka yi ta matsawa gaba kana saurare. Na uku, ba kayan kasuwa ba ne. Ba ka shiga shago da kuɗinka ka ce a ba ka biyu. Ta hannun ikilisiyoyi da ƙungiyoyin da ke aiki da masu shi ake samu, masu ba da gudummawa ne suka biya, kuma ana sa ran za ka kafa ƙungiyar saurare ka riƙa ba da labarin yadda take tafiya. Hakan daidai ne a wurina, sai dai yana nufin ba za ka samu a ranar da ka ga dama ba, kayan gyaransa kuma ba a teburin irina suke ba.

Sai rediyon kasuwa. Araha ba ta ado, kuma wannan ba ta yi ƙarya ba. Robarta sirirya ce, eriyarta ita ke fara karyewa, ramin caji yakan saki daga allon ciki don dalmar da aka sa masa ba ta taka kara ta karya ba. Mafi yawan waɗanda ake dawo mini da su matsalar ke nan, kuma minti goma ne gyaranta. Masu ɗan faifan sola a baya kuwa, kada ya ruɗe ka. Faifan da bai fi tafin hannun yaro ba, sai ya wuni a rana bai ba ka awa guda ba, a lokacin hazo kuma sai dai haƙuri. Abin da ya fi muni, mai ita zai ajiye ta a kan kwanon rufi tun safe don ta sha rana, a watan Afrilu da zafin Maradi ke haura digiri 40, batirin ya kumbura ya ture murfi. Na ga da yawa haka. Gara ka sayi wadda ba ta da sola, ka haɗa wa mai bishara faifai guda mai ɗan girma da doguwar waya, faifan yana rana rediyoyin suna inuwa. Wannan dokar ta shafi kowace na'ura mai batir, har da Proclaimer: a yi caji da hantsi, a goge ƙurar faifan da tsumma, rana ta take a shigar da shi.

Amma tana da abin da babban akwatin ba shi da shi. Batirinta irin na tsohuwar wayar Nokia ne, BL-5C, ko kuma dogon nan 18650 na tocila, duk kasuwar ƙauye akwai su. Idan ta mutu gaba ɗaya ba a yi asarar da za a kira taron dattawa ba, kuɗinta bai kai na ƙaramar waya mai tocila ba. Kana iya zuba mata abin da kake so: Farawa, Zabura, waƙoƙin zumuntar mata, wa'azin da fasto ya ɗauka da bakin mutanen wurin. Kuma tana kama tasha, don haka mai ita yana jin labarai da ita, ba wanda zai tsare shi a hanya ya ce mene ne wannan.

Babban amfaninta matar mai bisharar ce ta nuna mini. Na tambaye ta me ya sa ban ga mata a wurin saurare ba. Ta ce, "Baba, akwatin nan na maza ne. A ƙofar gida yake zama, mu kuwa lokacin muna kan daka da tuwo. Ko mun gama, wace ce za ta fito ta zauna cikin surukanta?" Ita ƙananan take ɗauka, ta shiga gida-gida, a rataye a jikin rumbu ana sussuka ana ji. Ta ce wadda aka fi ce mata ta maimaita ita ce matar nan mai zubar jini shekara 12, wadda ta ƙarar da abin hannunta wurin masu magani ba ta samu sauƙi ba. A yankin da mata da yawa suka san ciwon yoyon fitsari, a jikinsu ko a jikin 'yar'uwa, ba sai an yi musu bayanin abin da ake nufi da a guje ka saboda ciwo ba. Daga irin wannan zaman ne ta samu ta raka wata zuwa Danja, kudu da Maradi, inda mishan ɗin SIM ke da asibitin kutare tun shekarun 1950 kuma aka buɗe sashen gyaran yoyon fitsari a 2012. Babban akwati ba zai taɓa shiga wannan tsakar gidan ba.

Ga masu son bin wannan hanyar, akwai dabarun da sai an sha wuya ake sani. Memori na jabu ya cika kasuwa: a rubuta giga 32 a jiki, cikinsa bai kai 2 ba, ka zuba kaya ya nuna ya shiga, ka kunna rabin surorin babu. Ba ka bukatar babba. Sabon Alkawari duka wajen awa 20 ne, idan an matse shi bai cika giga 1 ba. Ka sayi ƙarami na gaske, ka gwada sura ta farko da ta tsakiya da ta ƙarshe kafin ka sa a buhu. Sannan waɗannan rediyoyin da yawansu ba sa bin sunan fayil, suna bin yadda aka zuba su ne, don haka idan ka kwashe duka ka jefa a lokaci ɗaya sai ka ji Yahaya ya riga Matiyu. Ka sa musu lamba daga 001 zuwa 260, ka zuba a jere, ka nemi rediyo mai maɓallan lamba a fuska. Matiyu zai kama daga 1 zuwa 28, Markus 29 zuwa 44, Luka 45 zuwa 68, Yahaya 69 zuwa 89, Ayyukan Manzanni 90 zuwa 117. Mai son misalin mai shuka ya danna 32, mai son ɗan nan da ya ɓace ya dawo ya danna 59. Nakan rubuta wannan a 'yar takarda in manne a bayan kowace da salatif. Matan da ba su taɓa shiga aji ba sun haddace lambobin da suke so, domin lamba kowa ya iya ta saboda waya da kuɗi. Kuma a nemi karatun ta hanyar da masu shi suka yarda a raba, akwai su, ba sai an yi satar aikin mutane da sunan aikin Allah ba.

Sai babbar matsalar: memori yana da ƙafa. Ka ba uwa rediyo, ɗanta ya zare memorin ya kai wa mai tura waƙoƙi a kasuwa, a goge Luka a zuba masa waƙoƙin fim. Ƙaramin memori ba shi da makullin hana gogewa. Maganin da na samu shi ne ɗigon gam mai kama ƙarfe a bakin ramin bayan an sa shi. Ba kyau a ido, kuma ranar da memorin ya lalace sai an fasa, amma tun da na fara haka waɗanda ke dawowa wayam sun ragu ƙwarai.

Manhajojin waya irin su Bible.is da YouVersion suna da Hausa, kyauta ne, ni ma da su nake amfani. Amma sai mai babbar waya da data da wurin caji, a ƙauyen kuwa irin wannan wayar tana hannun samarin da suka je ci-rani. Ga fasto da ɗalibi sun wadatar. Ga tsohuwa a gindin rumbu, babu.

Akwai maganar ƙara da ya kamata duk mai aika kaya ya riƙe. Ƙarfin muryar Proclaimer abin yabo ne, amma ba a ko'ina ake buɗe ta duka ba. Kiristocin Nijar 'yan kaɗan ne a cikin Musulmi masu rinjaye, kuma ko da yake mishan ya daɗe a ƙasar, tun zuwan SIM Zinder a 1924, ga asibitin Galmi da ke karɓar kowa tun 1950, ba wanda ya manta da majami'un da aka ƙona a Zinder da Yamai a watan Janairun 2015. Mai bisharar namu bai kunna komai ba sai da ya je ya gai da mai gari ya gaya masa abin da ke cikin akwatin. Idan aka kira salla yana kashewa, ko ana tsakiyar sura. Muryar kuma daidai tabarmar da ake zaune yake barinta, wanda ke so ya matso. Limamin garin suna gaisawa, ranar suna ana aiko musu da nama. Wani baƙo daga cikinmu ya taɓa cewa a ɗaura akwatin a kan babur a zaga kasuwa da shi. Mai bisharar ya ce masa, "Ranka ya daɗe, kai jibi za ka koma gida, ni a nan 'ya'yana ke ɗiban ruwa."

Idan aka tambaye ni yadda za a kashe kuɗin baikon bishara, ga abin da zan ce. Proclaimer ɗaya ga kowane wurin da ke da mutumin da zai zauna da masu sauraro, ya san lokacin tsayarwa, ya iya amsa tambaya ko ya ce zai je ya tambayo. Inda babu irin wannan mutumin, kada a kai, a jira. Sauran kuɗin a sayi ƙananan rediyoyi masu maɓallan lamba, da memori na gaske, da batura na ajiya, da faifan sola guda mai kyau, a damƙa rabinsu a hannun matar mai bishara ba tare da an ce ta kawo lissafi wurin maza ba. Abin da ya saura a zuba a tankin babur. Tun ƙarshen shekarun 1940 da aka kafa ƙungiyar masu bishara 'yan ƙasa wadda ta zama EMS, sashen aika masu bishara na ikilisiyar ECWA, ikilisiyoyinmu ke aika mutum da iyalinsa su je su zauna, su yi noma, su yi jinya tare da mutane, kuma har yau kuɗin mai da na asibitin yaransa sun fi kowace na'ura wuyar tarawa, don ba a ɗaukar hotonsu.

Abu guda ya rage da nake kan aiki a kai. Da rani Fulani makiyaya sukan sauka kusa da rijiyar ƙauyen, wasunsu sun zauna sun saurara, suka ce ko akwai da Fulatanci. Akwai, amma Fulatancin ba ɗaya ba ne: na Adamawa dabam, na tsakiyar Najeriya dabam, na yammacin Nijar dabam, kuma ni ba na jin ko ɗaya. Na zuba Luka 15 da kowannensu a memori guda na aika, mai bisharar zai kunna musu su zaɓi wanda ya fi kama da bakinsu, sannan in zuba sauran. Rediyoyin da za su tafi wurinsu kuma zan ɗinka musu jakar fata mai igiya, domin a kafaɗa za su rayu, cikin ƙura da raɓa.